Mita 8.39 aka ci zinare da shi a Tokyo, anya dogon tsalle bai mutu ba kuwa?

Baban Ilham: Salamu alaikum jama'a. Waye ya kalli fainal ɗin dogon tsalle na maza na gasar duniya ta 2025 a Tokyo ɗazu da azahar? Ni dai a shago na kalla a waya, kwastoma na tsaye ina ce masa minti ɗaya. Yaron nan na Italiya Mattia Furlani ya ɗauke zinare da 8.39, Tajay Gayle na Jamaika 8.34, Shi Yuhao na Sin 8.33. Na taya shi murna amma wallahi raina bai yi daɗi ba, a garin nan fa na Tokyo Mike Powell na Amurka ya kafa tarihin duniya da 8.95 a 1991. Santimita 56 tsakani. Shekara 34 maimakon a yi gaba sai baya ake ta yi.

Auta: Wa alaikumus salam. Kai Baban Ilham ba ka da godiya hhh. Yaro ɗan shekara 20 fa, ba a taɓa samun mai ƙarancin shekarunsa da ya ci wannan gasar ba a ɓangaren maza, shi kansa Carl Lewis yana da 22 ya fara ci a 1983. Kuma a tsalle na biyar ya yi shi lokacin da kowa ya ɗauka Gayle ya gama tafiya da abin. Mamansa ce ma kocinsa, asalinta 'yar Senegal ce, don haka namu ne.

Baban Ilham: Naku ku da wa? Ka taɓa zuwa Dakar ne? Ban ce yaron bai yi ƙoƙari ba ƙanena, abin da nake cewa Larry Myricks da ya zo na uku a 1991 ya yi 8.42. Wato wanda ya karɓi tagulla a wancan daren da yau ne shi ke da zinare. Ka zauna ka yi tunanin wannan.

Mai Ɗinki: Ni fa duk lissafin mitocin nan ba ya shiga kaina, ku faɗa min da yadi.

Malam PHE: Mai Ɗinki, yadi goma ba kaɗan. Ka warware shaddar babbar riga gaba ɗaya a ƙasa, ka cire kamar tafin hannu biyu, to wannan Mike Powell ya tsallake. Ku kuma 'yan ƙwallo, faɗin raga mita 7.32 ne, ya wuce shi da fiye da mita ɗaya da rabi. Tazarar da alƙalin wasa yake aunawa tsakanin ƙwallo da katanga a firikik 9.15 ce, saura santimita 20 kacal ya cike ta.

Mai Ɗinki: Innalillahi. Mutum ne ko aljani? Malam da gaske kake ko tsokana?

Malam PHE: Da gaske nake. Bari in ba ku labarin daren tunda na ga yawancinku ba a haife ku ba, ni lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, ba kai tsaye muka gani ba sai daga baya a talabijin ɗin ɗakin taro. 30 ga Agusta 1991. Lewis ya shigo gasar ya shekara goma ba wanda ya kayar da shi a dogon tsalle, gasa 65 a jere, kuma kwana biyar kafin nan ya kafa tarihin duniya a gudun mita 100 da daƙiƙa 9.86, kun ga mutum ne da yake kan ganiyarsa. Tsallensa na farko 8.68. Powell kuwa ya buɗe da 7.85, abin kunya, kamar ba shi ba. Na biyu ya gyara 8.54. Zagaye na uku Lewis ya yi 8.83 da taimakon iska, na huɗu ya yi 8.91, wato ya wuce 8.90 na Bob Beamon, tarihin duniya na lokacin, da santimita ɗaya, amma na'urar iska ta nuna 2.9 don haka ba za a rubuta shi a matsayin tarihi ba sai dai yana cikin lissafin gasa. A wannan zagayen Powell ya yi wani tsalle mai nisan gaske aka ɗaga masa jar tuta wato an soke, ya durƙusa a kan katakon da ake takawa a tashi yana leƙen inda aka ce ya taka kamar zai yi kuka. Sai zagaye na biyar, iskar da take ta juyi duk daren ta lafa ta koma 0.3, ya taho ya tashi ya sauka 8.95. Amma abin da ya sa nake girmama Lewis shi ne bayan wannan bai karaya ba, ya rage masa tsalle biyu ya yi 8.87 yana fuskantar iska ma, ya sake yin 8.84. Mutum ya wuce 8.80 sau huɗu a dare ɗaya kuma ya koma gida da azurfa.

Baban Ilham: Allah ya saka da alheri Malam. To Auta ka ji, wannan ake kira fainal. Ba a zo ana ta 8.20 da 8.30 ana tafi ba.

Auta: Yaya ai ba a auna kowace rana da ranar Sallah. Dare ɗaya ne ya zo a tarihi. Shi kansa Powell ya sake yin 8.95 ɗin ne? Shekarar da ta biyo baya a Olamfik na Basalona Lewis ya rama, 8.67 da 8.64.

Ɗan Kumasi: To ai 8.67 da 8.64 ɗin ma duk sun fi na yau nesa ba kusa ba, ka ga ka kawo hujjar da ta kayar da kai da kanka.

Auta: Hhh na ji. Amma ku daina yi kamar ba wanda yake tsalle yanzu. Gayle ɗin nan da ya zo na biyu yau ya yi 8.69 a Doha 2019. Tentoglou na Girka ya yi 8.65 a Rum 2024. Yau ne dai abin ya ƙi masa, ko mita 8 bai kai ba, mutumin da yake riƙe da zinaren Olamfik biyu.

Injiniya: Ku bar maganar wa ya fi wa, tambayar Baban Ilham tana da amsa kuma amsar kuɗi ce. Dogon tsalle gudu ne da farko, in ba ka zo kan katako da gudun kusan mita 11 a daƙiƙa ba ka manta da 8.90. To yaron da Allah ya ba irin wannan gudun yau me zai zaunar da shi a ramin yashi? A Amurka ƙwallonsu ta zari-ruga za ta ɗauke shi tun yana jami'a, ga Marquise Goodwin nan ya wakilce su a dogon tsalle a Landan 2012 daga nan ya wuce NFL, babbar gasar ƙwallon tasu. Ko ku duba Marcell Jacobs, ɗan ƙasar su Furlani, ɗan dogon tsalle ne fa asali, ya bari ya koma mita 100 ya ci zinaren Olamfik a Tokyo da 9.80. Zamanin Lewis wanda ya fi kowa gudu a duniya shi ne yake tsalle. Yanzu ba haka ba ne, shi ke nan.

Na Damagaram: Injiniya ka faɗi rabi ka bar rabi. Ba kwa son a ce zamanin can gwajin ƙwaya bai kai na yanzu ba? Mu fa mun tuna abin da ya faru da Ben Johnson, ɗan tseren mita 100 da aka kama da ƙwaya a Olamfik na 1988.

Malam PHE: Na Damagaram a yi hattara. Wanda aka kama an kama shi, an ƙwace lambarsa, duniya ta sani. Amma kar mu shafa wa kowa kashin kaji don kawai ya rayu a zamani ɗaya da mai laifi. Tarihin Powell yana nan a littafi ba wanda ya soke shi. Zato zunubi.

Na Damagaram: Na janye Malam, ban kama sunan kowa ba ai.

Malam PHE: Kuma wani abu da ba ku lura da shi ba, shi wannan wasan haka tarihinsa yake, barci yake yi mai nauyi sannan ya farka. Jesse Owens ya yi 8.13 a 1935, sai da aka shekara 25 kafin Ralph Boston ya karya a 1960. Beamon ya zo Meziko 18 ga Oktoba 1968, tarihin duniya yana 8.35, a tsallensa na farko a fainal ya yi 8.90, ƙarin santimita 55 a tashi ɗaya. Na'urar awon da aka girka ma ba ta kai wurin ba sai da aka nemo tef aka auna da hannu, shi kuma da aka rubuta a allo bai gane ba saboda bai saba da mita ba, sai da Boston ya faɗa masa da ƙafa da inci sannan ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa ya zube. Wannan ya zauna kusan shekara 23. Na Powell yanzu 34. Don haka ni ban ce ya mutu ba.

Injiniya: Amma a faɗi gaskiya Malam, Beamon ya samu gata biyu. Birnin Meziko yana sama da mita 2,200 daga teku, iska ba ta da kauri, sannan iskar bayansa ta tsaya cif a 2.0, daidai iyakar da doka ta yarda. Powell a Tokyo ba tudu ba komai.

Malam PHE: Duk waɗanda suka yi fainal ɗin da shi a tudu ɗaya suke, me ya hana su? Na biyu 8.19 ya yi.

Maman Sadiq: Ku yi haƙuri in katse ku, ni mai karatu ce kawai a nan amma abin nan na iska ya ɗaure min kai. Ya za a ce Lewis ya yi 8.91 an ƙirga masa kuma ba a ƙirga ba?

Injiniya: Hajiya ga yadda yake. Akwai na'ura a gefen layin gudu da take auna iskar da ke tura ɗan wasa daga baya. In ta wuce mita 2.0 a daƙiƙa, tsallen yana nan a gasar ranar, za ka iya cin zinare da shi tunda kowa a fili ɗaya yake, amma ba za a sa shi a kundin tarihi ba. Powell ma ya taɓa yin 8.99 a Sestriere ta Italiya a 1992, iska 4.4, bai shiga ba. Ivan Pedroso na Kuba ya yi 8.96 a wannan wurin dai a 1995, na'ura ta nuna iska daidai, amma aka ga wani mutum yana tsaye a gabanta yana tare iskar, aka ƙi amincewa. Santimita ɗaya ya wuce Powell amma ba shi a littafi.

Maman Sadiq: Allah sarki, wannan ai sai ciwon zuciya ya kama mutum. Na gode.

Auta: To tunda an zo nan, ni ina goyon bayan sabon tsarin da hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, World Athletics, ta gabatar don a gwada. A cire katakon nan a sa fili mai faɗin santimita 40, duk inda ka taka a ciki daga nan za a auna. An gwada a Jamus farkon 2025. Su da kansu suka ce kusan kashi ɗaya cikin uku na tsallen da aka yi a gasar duniya ta Budapest 2023 fawul ne. Mutum ya zauna kallo, ɗan wasa ya yi ta tafa hannu yana jan rai, ya taho a guje, jar tuta. Wa yake son wannan? Kuma da tsarin za a ga ainihin nisan da mutum ya yi, wataƙila ma a ga mita 9.

Baban Ilham: A'a Auta, nan kam mun rabu. In ana son mita 9 ta wannan hanyar gara a bar mu da 8.39 ɗin.

Malam PHE: Auta ɗana, zo in tambaye ka. Ka taɓa yin dogon tsalle ko a intahaus?

Auta: Sau ɗaya a JSS 2 Malam, na zo na ƙarshe hhh.

Malam PHE: To shi ya sa. Na shekara fiye da ashirin ina riƙe tef a bakin rami, kuma abin da na gani shi ne yaran da suka fi tsalle ba su suke ci ba, wanda ya iya ƙafarsa shi yake ci. Faɗin katakon nan santimita 20 ne. Ka taho daga mita 40 da duk gudun da kake da shi, taku kusan ashirin, kuma na ƙarshen ya sauka a kan abin da bai kai tsawon takalminka ba, ba tare da ka rage gudu ba, ba tare da ka kalli ƙasa ba, iska kuma tana canza maka tsawon taku ba da saninka ba. In ka ji tsoro ka taka baya ka yi kyautar santimita 15 ko 20 don daga bakin katako za a auna ba daga inda ka tashi ba. In ka yi zari ka wuce da ɗan yatsa an soke. Wannan cacar ita ce wasan. Kana da tsalle ɗaya ya rage, kana na huɗu, za ka matsar da alamarka gaba ko za ka bar ta? Kocinka yana daga cikin 'yan kallo yana nuna maka da hannu saura kaza. Ka cire katako ka cire duk wannan, ya zama gwajin ƙarfin cinya kawai. Kuma wane rami ne a makarantunmu zai iya auna daga inda ƙafa ta taka? Mu da muke zuba toka mu ja layi, rami kuma yashin rafi ne ko dusar katako in an samu? Sai mai kyamara da kwamfuta kaɗai zai yi wasan kenan.

Ɗan Kumasi: Tentoglou ma ai cewa ya yi in aka kawo tsarin zai bar wasan ya koma tsalle uku. Kuma shi ne ya fi kowa cin moriyar katakon. Ku tuna Budapest, Wayne Pinnock yana gaba, shi ma yana da 8.50 Tentoglou yana da 8.50 amma tsallen Pinnock na biyu mafi kyau ya fi nasa, sai a na ƙarshe ya yi 8.52. Santimita biyu. A Olamfik na Tokyo ma haka ya yi wa Echevarria na Kuba, tsallen ƙarshe ya yi 8.41 daidai da nasa, aka koma na biyu mafi kyau ya cinye, shi kuma ɗan Kuban ya taho zai rama ƙafa ta riƙe ya durƙusa a kan katako yana dukan ƙasa. Ka ce min wannan ba daɗin kallo?

Auta: Daɗin kallo ne amma sau nawa hakan take faruwa? Sauran lokacin fa jar tuta ce.

Injiniya: Ni ina tsakiya. Malam yana da gaskiya a kan gwaninta, amma akwai matsalar da ba a faɗa ba, in aka canza wurin awo to 8.95 da duk abin da za a yi nan gaba ba abu ɗaya ba ne, ba za ka iya kwatanta su ba, sai dai a buɗe sabon littafi. An yi haka a jifan mashi da aka canza mashin a 1986. Abin da ni na fi ganin ya ƙara fawul shi ne dokar da aka canza a 2021, da can sai takalminka ya taɓa ƙasa bayan layi ko ya bar shaida a dankon da ake shafawa, yanzu ko kan takalmin ne ya leƙa layin a sama kyamara ta gani an soke. A gyara wannan tukuna.

Na Damagaram: Kyamarar dai ta fi mutum. Gasar duniya ta Rum 1987 fa? Alƙalan gida suka ƙara wa ɗan ƙasarsu Evangelisti awo suka rubuta masa 8.38 ya samu tagulla, daga baya asiri ya tonu aka mayar wa Myricks lambarsa.

Malam PHE: Wannan gaskiya ne. Mu ma a namu ƙaramin matakin mun gani, akwai shekarar da aka kusa dambe a wata makarantar da na koyar saboda mai riƙe tef ɗan gidan ja ne, yaron gidan kore ya sauka da kyau amma ya dafa hannu a baya, doka kuwa daga shaidar da ta fi kusa da katako ake aunawa ko da hannu ne ko mazaunai ko gefen riga, shi kuma ya yi haka ga yaron kore amma da nasu ya dafa sai ya sa ƙafa ya share wurin. Har firinsifal sai da ya sauko daga rumfa.

Maman Sadiq: To mu a Afirka ba mu da kowa ne a mazan? Ni Chioma Ajunwa kawai na sani da Ese Brume.

Ɗan Kumasi: Muna da su Hajiya. Namu na Kumasi Ignisious Gaisah ya ci azurfa a Helsinki 2005 wa Gana, sai dai daga baya ya koma Holan ya sake cin wata azurfar a Mosko 2013 da tutarsu, wannan kam har yau yana mana ciwo. Luvo Manyonga na Afirka ta Kudu ya ci zinare a Landan 2017 da 8.48, a shekarar ya yi 8.65.

Baban Ilham: Najeriya kuma Yusuf Alli, 8.27 a Legas 1989, ya ci zinaren Komonwels a 1990. Aka shekara fiye da talatin ana kallon wannan lambar. Ka ga mu ma muna da namu 8.95 ɗin.

Auta: Da za a ɗauki yaran da suke langa a ƙauye a koya musu da an ga abin mamaki, mutum ya yi minti goma yana tsalle da ƙafa ɗaya.

Malam PHE: Wannan sai dai tsalle uku, shi ne yake son ƙafar da ta saba dira ta sake tashi. Dogon tsalle ka nemo min yaron da ya fi kowa gudu a ajinsu kafin masu ƙwallo su riga ni.

Baban Ilham: Ni dai har yanzu ina kan bakana, 8.39 bai kamaci zinaren duniya ba. Amma na yarda a bar katako inda yake. Auta in yaronka ya wuce 8.60 kafin Olamfik na 2028 zan saya maka tsire na dubu biyar, jama'a ku shaida.

Auta: An shaida. Ina ajiye sikirinshot, kar ranar ta zo ka ce an yi hakin ɗin wayarka.

Mai Ɗinki: Jama'a na dawo. Na fita ƙofar shago da tef ɗina na auna abin da Malam ya faɗa, tef ɗin inci 60 ne sai da na ɗora shi sau shida saura kaɗan. Ya tashi daga bakin ƙofata ya wuce kwata ya wuce teburin mai shayi ya tsaya a tayar Keke Napep ɗin da aka faka. Na sa yaron shagona ya gwada daga inda na ja layi, ko kwatar bai tsallake da kyau ba, silifas ɗinsa ɗaya yana ciki yanzu haka muna neman sanda.